Karmo zuwa Sheda: Ina Gurbin Tsohon Masanin Fiziks?

Kawuna, ƙanin mahaifiyarmu, masanin fiziks ne, kuma kusan duk ƙuruciyarsa ta ƙare ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya a Abuja. Da labari ya iso Zariya cewa ritayarsa ta ƙarato, sai na buga masa waya don in ji shirin da yake yi. Ya yi dariya ya ce shi yanzu ne ma ya koma ɗalibi, wai aikin kwamfutar kwantam yake koyo. Na ce, "Kawu, a Karmon da kake zaune?" Ya ce, "A Karmon. Ka zo ka gane wa idonka." Ni kuwa dama ina neman wanda zai warware mini zare da abawa a kan wannan fanni, tun da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 2025 a matsayin shekarar kimiyya da fasahar kwantam. Ghana ce ta gabatar da ƙudurin a babban zauren majalisar, aka amince da shi ranar 7 ga Yunin 2024, don cika shekara 100 da aikin da Werner Heisenberg ya fitar a 1925. Tambayar da na ɗauko daga gida guda ce: mutumin da ya tsufa a kan fiziks, wane aiki gwamnati take da shi da za ta ba shi a wannan sabon fage?

Ranar wata Litinin na hau mota daga Samaru zuwa Kaduna, na nufi tashar jirgin ƙasa ta Rigasa. Yanzu ba a sayar da tikiti sai da lambar NIN, kuma sai an duba fuskarka da katinka kafin ka shiga. Layin dogon nan mai tsawon kilomita 186 an buɗe shi ne a Yulin 2016. Tarago cike yake da ma'aikata masu komawa bakin aiki, da 'yan kasuwa, da ɗalibai, kowa na ta hira. Amma da muka doshi Rijana sai surutu ya ragu, domin ba wanda ya manta harin da aka kai wa jirgin a yankin Katari ranar 28 ga Maris 2022. Wata dattijuwa kusa da ni ta ciro carbi. Sai da muka wuce Jere sannan fuskoki suka saki, duwatsun Abuja suka fara leƙowa, muka tsaya Kubwa, daga nan sai Idu.

Daga Idu zuwa Karmo tafiya ce ta ɗan taƙi a Keke Napep. Wanda ya san Abuja a talabijin kawai, Maitama da Asokoro, zai ɗauka ya ɓata hanya. Jar ƙura ce, da masu walda, da masu buga bulo, da tebura na mai shayi, da 'yan acaɓa cunkus a kowace kwana. Kunnenka zai ji Hausa da Gwaranci da Ibo da Turancin buroka kafin ka yi taku goma. Asalin wurin na Gbagyi ne, kuma yankin Idu da Karmo yana cikin inda rusau ya shafa zamanin da Malam Nasir El-Rufa'i yake ministan Abuja, daga 2003 zuwa 2007. Duk da haka mutane sun sake cika shi, saboda a nan ne mai ƙaramin ƙarfi zai samu ɗakin haya ya kuma iya zuwa aiki cikin gari da safe. Masinja da direba da malamin makaranta duk nan suke kwana. Ashe har da mai digiri na uku a fiziks.

Na durƙusa na gaida Kawu da Inna, aka tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, aka kawo tuwon shinkafa miyar taushe. Bayan sallar isha'i, lokacin an ɗauke wuta, sai ya kunna fitilar sola, ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa ta cinya, ya jona ta da intanet ɗin wayarsa. Ya ce, "Matso nan, ɗana. Yau za ka aiki wata na'ura da ke bayan teku."

Tun watan Mayun 2016 kamfanin IBM ya buɗe wa duniya ƙofar kwamfutarsa ta kwantam ta intanet, a lokacin mai kubit 5 kacal. Yau na'urorin sun haura kubit 100, kuma wanda ya yi rajista yana samun 'yan mintoci kyauta. Kawu ya rubuta 'yan layuka a manhajar Qiskit yana yi mini bayani. Kwamfutar da muka sani tana lissafi da 0 ko 1. Kubit kuwa, muddin ba a auna shi ba, yana iya zama cikin gaurayen hali na 0 da 1, kowanne da nasa nauyi. Da an auna shi sai ya faɗa gefe guda. Ana kuma iya sarƙe kubit biyu yadda sakamakon ɗaya zai dace da na ɗan'uwansa. Ya ce mutane suna cewa wai na'urar tana gwada dukkan amsoshi a lokaci guda, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Gwanintar ita ce a tsara lissafin yadda amsoshin banza za su kashe junansu, ta gaskiya ta fito fili.

Ya tura aikin, ya umarci na'urar ta sarƙe kubit biyu ta auna su sau 1,000. Muka shiga layi, muka sha shayi, sannan sakamako ya dawo: dogayen ginshiƙai biyu kusan kai ɗaya, ɗaya a kan 00, ɗaya a kan 11. A tsakaninsu kuma ga wasu gajeru guda biyu, 01 da 10, da kyar ake ganinsu. Ni dogayen nake kallo. Kawu ya ɗora yatsa a kan gajerun ya ce, "Waɗannan bai kamata su fito ba. Kuskure ne. Zafi ne ko girgiza ko maganaɗisu ko waya mara kyau ta taɓa kubit ɗin. To duk dubban masanan da ake ɗauka aiki a wannan fanni, yawancinsu da waɗannan 'yan guntayen suke kokawa. Yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa zai koyi rubuta umarnin nan cikin wata guda. Amma sanin inda hayaniya take shigowa cikin awo, wannan sai wanda ya shekara ashirin na'ura tana yi masa ƙarya yana kama ta."

Na tambaye shi me zai hana gwamnati ta sayo irin na'urar a girke a Abuja. Ya ce in tsaya in ji abin da take ci. Irin kubit ɗin da IBM da Google suke ƙerawa ba ya aiki sai a cikin wani firji na musamman da ke amfani da iskar hiliyam iri biyu. Ƙarshen sanyin da zai yiwu a duniya shi ne digiri 273.15 ƙasa da sifili, firjin kuwa yana sauka har ya rage kamar kashi 15 cikin 1,000 na digiri ɗaya ya kai can, wato ya fi sararin samaniya sanyi. Kwanaki ake yi kafin ya kai wannan matsayi, kuma idan wuta ta yanke ya ɗumama, sai a koma farko. Ya ɗaga kai ya dubi fankar da ta tsaya cik, bai ƙara cewa komai ba.

Washegari Talata ce, ranar kasuwar Karmo, wadda ta yi suna wajen gwanjo har mutane kan zo daga Kubwa da Nyanya da cikin gari tun da duku-duku. Kawu ya ja ni muka kutsa. Muna tsaye aka yanke igiyar wata dila, kaya suka baje, mata suka rufa a kai, wannan ta fizgi rigar sanyi, waccan ta ɗaga wando tana duba ɗinki. Mai dilar yana tsaye yana zare ido, don shi ma sai yanzu yake ganin abin da ya saya. Kawu ya raɗa mini: "Ka ga mutumin nan? Haka gwamnatin da ba ta da masani a cikin gida take sayen fasaha. Ta biya kuɗin dila a ɗaure, sai an kwance ta ga ko siliki ne ko tsumma. Nan ba da jimawa ba 'yan kwangila za su fara yawo ofis-ofis da takardu masu ɗauke da sunan kwantam. Aikin farko na tsohon masani shi ne ya zauna a teburin ya ce wannan gaskiya ne, wannan kuwa zuƙi-ta-malle."

Da ya sayi jakar makaranta don jikarsa, sai ya miƙa kati ga wata yarinya mai POS a ƙarƙashin lema. Kafin takardar shaida ta fito ya nuna mini na'urar ya ce aiki na biyu ke nan, kuma ya fi gaggawa. Yawancin makullan sirri da ke tsare hada-hadar banki da intanet sun dogara ne da lissafin da kwamfutar yau ba ta iya warwarewa, misali gano lambobi biyu da aka ninka suka haifi wata ƙatuwar lamba mai ɗaruruwan alƙaluma. A 1994 wani masanin lissafi, Peter Shor, ya nuna cewa kwamfutar kwantam mai cikakken ƙarfi za ta warware wannan cikin sauƙi. Ba a ƙera mai wannan ƙarfin ba tukuna, amma ɓarawo yana iya kwashe kullallun bayanai yau ya adana, ya jira ranar da mabuɗi zai samu. Shi ya sa hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta buɗe gasa a 2016, ta kuma fitar da sababbin ƙa'idojin kulle bayanai guda uku a Agustan 2024. Amurka da Birtaniya duk sun sa 2035 a matsayin wa'adin kammala sauya makullansu. Kawu ya ce, "Mu ma muna da NIN da BVN da fasfo da bayanan tsaro. Ga NITDA, ga Galaxy Backbone, ga Babban Banki, ga hukumar katin ɗan ƙasa. Wani ne zai zauna ya ƙidaya ina da ina tsofaffin makullan suke, ya tsara yadda za a canza su. Wannan ba ya bukatar firji. Allo yake bukata da alli da mutanen da suka san lissafi."

Da gari ya sake wayewa, wani abokin aikinsa ya ara mana mota don in ga gidajen kimiyyar gwamnati da ke kewaye. Ban taɓa lura Karmo tana maƙwabtaka da su haka ba. A unguwar masana'antu ta Idu akwai hedikwatar NASENI, hukumar da aka kafa a 1992 don ƙere-ƙeren kimiyya da injiniyanci, ga kuma cibiyar binciken magunguna ta NIPRD. Muka hau titin filin jirgin sama, ya nuna mini mashigar Galadimawa inda Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka take, wadda aka kafa a 2007, ana kuma koyar da fiziks a matakin digiri na biyu da na uku. A Lugbe muka wuce hukumar sararin samaniya ta NASRDA, mai tarihi tun 1999. Nan Kawu ya rage gudu ya ce in riƙe wannan: tauraron ɗan'adam na farko, NigeriaSat-1, a Surrey ta Ingila aka ƙera shi aka harba a 2003, amma an tura injiniyoyinmu sun tsaya a kan aikin, da aka zo 2011, NigeriaSat-X hannun 'yan Nijeriya ne ya haɗa shi.

Muka bi ta Giri da Gwagwalada muka kama hanyar Lokoja har Sheda, a ƙaramar hukumar Kwali. Nan Cibiyar Lissafi ta Ƙasa take, wadda aka kafa a 1988, kuma fiziks na nazari yana cikin aikin da aka ɗora mata. Kusa da ita akwai harabar kimiyya da fasaha ta SHESTCO, inda ake da na'urar haska kaya da hasken gama daga sinadarin kobalt-60. Wuri ne shiru, bishiyoyi da faɗin fili, irin inda mutum zai zauna da matsala guda ya shekara yana juya ta. Muka sayi gasasshiyar masara a bakin titi muka zauna a inuwa. Kawu ya ce, "Ka ga gine-gine ba su ne matsalarmu ba. Allo yana Sheda, maƙera tana Idu, ɗalibai suna Galadimawa da Zariya da Kano. Abin da babu shi ne kujerar da za a ce wa mutum: zauna nan, wannan ne aikinka har ka tsufa."

Muna nan zaune wata tsohuwar ɗalibarsa ta kira shi ta WhatsApp daga Amurka, inda take bincike bayan ta gama digiri na uku. "Malam, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?" Ya amsa, ya ce mata ga ɗansa marubuci yana son jin yadda aikin gwamnati yake a can. Ta ce kuɗi kam an zuba. Amurka ta yi doka a Disambar 2018 da ta ware kimanin dala biliyan 1.2 na shekara biyar, kuma a 2020 aka kafa cibiyoyi biyar a manyan ɗakunan binciken gwamnati: Argonne, Brookhaven, Fermilab, Berkeley da Oak Ridge. Tarayyar Turai ta sa yuro biliyan 1 a 2018. Birtaniya ta yi alkawarin fam biliyan 2.5 a 2023, Indiya ma a shekarar ta ware rufi biliyan 60. Sin kuwa tun 2016 ta harba tauraron Micius don gwada sadarwar kwantam. Ta ce ba masu lissafi kaɗai ake nema ba; wanda ya ƙware a hasken leza, ko sanyi mai tsanani, ko igiyar rediyo, ko kimiyyar ƙarafa, duk ana rububinsa. "Sai dai Malam, akwai ƙofar da ba ma shiga. Duk aikin da ya taɓa tsaro sai an tantance mutum, tantancewar kuma sai ɗan ƙasa. Mu baƙi iyakarmu zaure." Ta ce da za ta samu gurbi tabbatacce a gida, da wuta da albashin da zai riƙe ta, da ta yi tunanin dawowa.

Bayan ta kashe, Kawu ya ba ni labarin mutumin da ya ce shi ne madubinsa, David Wineland. Ma'aikacin gwamnati ne. Ya shiga hukumar ma'auni ta Amurka a garin Boulder a 1975, aikinsa gyara agogon ƙwayar zarra don ya ƙara daidaito. Garin neman wannan daidaito ya koyi kama ƙwayar zarra guda ya sanyaya ta da hasken leza. A 1995 shi da Christopher Monroe da abokan aikinsu suka nuna matakin lissafin kwantam na farko a kan ƙwayar da aka tsare. A 2012 ya samu kyautar Nobel, bai bar hukumar ba sai 2017. Shekara 42 ke nan a gida ɗaya. Waɗanda suka karɓi Nobel ta fiziks a 2025 ma, John Clarke da Michel Devoret da John Martinis, an karrama su ne saboda gwajin da suka yi a 1984 da 1985, wanda daga baya ya zama tushen irin kubit ɗin da muka aika wa umarni daga Karmo. Kamfani yana duba ribar wata uku, ɗan siyasa yana duba zaɓen shekara huɗu. Gwamnati a matsayinta na hukuma ita kaɗai take da numfashin jiran shekara arba'in.

A nan ne na gane inda takalmin yake matsa wa Kawu. A aikin gwamnatin tarayya, ma'aikaci yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Farfesa a jami'a kuwa doka ta ba shi har 70 tun 2012. Bayan haka, tsanin ƙarin girma hanya ɗaya ya nufa. Ya ce, "Ranar da aka ba ni mataimakin darakta, ranar na yi sallama da ɗakin gwaji. Fayil, taro, kare kasafin kuɗi, rakiyar baƙi. Idan ka ƙi, ka tsaya a mataki ɗaya, yaran da ka koyar su wuce ka. Lokacin da hannunka ya nuna, lokacin ake karɓe maka kayan aiki. Lokacin da kanka ya cika, lokacin ake yi maka walimar bankwana." Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma tsarin namu bai tanadi inda za a adana ta ba.

Na ce masa to anya muna da wannan haƙurin? Ya ce ai ni da na fito daga Zariya bai kamata in tambaya ba. Dokar kafa hukumar makamashin nukiliya ta Nijeriya ta fito a 1976. Tukunyar nukiliya ta bincike, NIRR-1, mai ƙarfin kilowat 30, ba ta fara aiki a Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello ba sai Fabrairun 2004. A cikin shekara 28 ɗin nan an yi ta tura mutane karatu, suna dawowa suna koyar da wasu, shi ya sa da na'urar ta iso daga Sin ta tarar da masu riƙe ta. A 2018 kuma aka sauya mata makamashi daga yuraniyam mai ƙarfi zuwa mai sauƙi, da hannun masanan cibiyar a cikin aikin. Afirka ta Kudu ma da mutane ta fara: Jami'ar Wits ta zama ta farko a Afirka da ta shiga ƙawancen kwantam na IBM a 2019, sannan gwamnati ta kafa shirin ƙasa a 2021.

A hanyar komawa Karmo, cikin cunkoson yamma, ya ce in buɗe jakarsa in ɗauko wata takarda. Shafi uku ce, ya rubuta wa magabatansa. Ba ta roƙi a sayo na'ura ko a gina sabon gini ba. Ta nemi a buɗe tsani na biyu na ƙarin girma, yadda mai bincike zai kai albashin darakta yana nan a ɗakin gwajinsa. Ta nemi a riƙa ɗaukar ƙwararrun da suka yi ritaya da waɗanda ke ƙetare a kan kwantiragin 'yan shekaru, kowanne a haɗa shi da matasa uku ko huɗu. Ta nemi a kafa ƙaramin rukuni na masu fiziks da lissafi da kwamfuta da zai fara da ƙidayar makullan sirrin gwamnati, ya kuma zama mai tace duk wata kwangila da aka rataya mata sunan kwantam. A ƙarshe ya ƙara da batun awo, domin tun 20 ga Mayun 2019 duniya ta daina dogaro da dunƙulen ƙarfen da ke Faransa wajen sanin kilo, ta koma kan lambar Planck, kuma ƙasar da ke son a yarda da ma'auninta a kasuwar duniya dole ta samu masu fahimtar wannan.

Na karanta har ƙarshe na ce, "Kawu, idan ba su amsa ba fa?" Ya ce ko sun amsa ko ba su amsa ba, akwai 'yan hidimar ƙasa biyu da wani malamin sakandare a layinsu da suke zuwa zaurensa kowace Asabar bayan la'asar, kuma sun riga sun fara rubuta nasu umarnin da kansu. Takardar kuwa ranar Litinin zai sa a buga mata hatimin karɓa a ofishin rajista, ya riƙe kwafi, don duk wanda ya gaje kujerarsa ya tarar da ita a saman fayil.